Ranar da Ƙamus Ya Ɗora Gwaggo Sama

Duk wanda ya taɓa bin layin nan ya san maigadin gidan Injiniya, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Ƙamus ake kiransa. Mutanen layi ne suka liƙa masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu biyu kamar an ba shi sarauta. Asalin abin, ya taɓa yin wata shida yana buɗe wa baƙi ƙofa a wani otal, ya baro can da Turancin da bai cika cokali ba, da wani tsohon ƙamus da ɓeraye suka cinye tsakiyarsa tun daga harafin M har zuwa R. Wannan bai taɓa damunsa ba. Cewa yake abin da ke tsakiyar duk yana cikin kansa.

Gidan Injiniya bene ne mai hawa biyu, da 'yan haya a ciki, da shimfiɗaɗɗen rufin kankare inda aka girke tankin ruwa. Matar Injiniya, wadda kowa ke kira Madam, daga wata ƙasa aka auro ta, Hausarta ba ta wuce “sannu” da “na gode” ba, kuma ita ke tafiyar da harkar gidan. To, sai Injiniya ya furta cewa yana neman wanda zai riƙe kula da gidan gaba ɗaya, a ba shi tebur da kujera da ɗaki biyu, sharaɗi dai ya zama mai jin Turanci. Tun daga ranar Ƙamus ya daina gaisa mutane da Hausa.

Ana cikin haka wata safiya Madam ta miƙo masa allon da aka rubuta a daina ajiye mota a bakin ƙofa, ta nuna bango ta ce, “Put it up.” Ƙamus ya ɗauko tsani ya kafa allon can ƙoli, inda sai mutum ya dafe hula kafin ya karanta. Madam tana sauri, ta ɗan ɗaga kai ta ce masa madalla da harshenta ta shige mota. Kafin azahar babu wanda bai ji labari ba.

“Put, sa. Up, sama,” in ji Ƙamus a bakin shagon da ke kallon gidan, yana lissafawa da yatsu. “Ka haɗa su, sa sama. Turanci lissafi ne, wanda bai iya ba shi ke ganin wahalarsa.”

Mai Shago ya ce, “To in an ce ka sauko fa?”

“Wannan darasin shekara ta biyu ne. Kai ka tsaya a kan sabulu da ashana.”

Bayan mako guda tafiyar kwana biyu ta kama Injiniya da Madam. Da hantsi suna shirin fita Madam ta miƙa wa Ƙamus takarda da makullin ɗakin baƙi da ke ƙasa. Injiniya yana kan waya, ya leƙo ta tagar mota ya ce, “Gwaggona na hanya, za ta ga likitan ido. Komai na cikin takardar nan. In wani abu ya shige maka duhu ka tambayi Malama.”

Malama tsohuwar malamar Turanci ce da ta yi ritaya, tana haya a hawa na ɗaya. Ƙamus bai ƙi jinin kowa a duniya kamar ita ba, don ta taɓa gyara masa magana a gaban masu sayen burodi.

Ya shiga ɗakinsa na bakin ƙofa, inda matarsa ke gugar kayan yara, ya warware takardar, ya yi gyaran murya. Layi uku ne:

Put up the new curtains.
Put up Aunty for two nights.
She will have to put up with the dog.

Ƙamus ya yi murmushi har kunne. Kalmarsa ce, sau uku, kamar an san abin da ya fi ƙwarewa a kai.

“Ke, ajiye gugar nan ki ji. Na ɗaya, a sa sababbin labule sama. Na biyu, a sa Gwaggo sama kwana biyu. Na uku, a sa ta sama tare da kare.”

Matar ta ɗago dutsen guga ta tsaya. “Wace saman?”

“Sama nawa gare mu? Kan rufi mana.”

“To makullin ɗakin baƙi na mene ne?”

“Don a fito da gado. A ƙasa za ta kwana a can?”

“Malam, tsohuwa ce fa. Ka jira Malama ta dawo daga kasuwa ta duba maka. Mai tambaya ba ya ɓata.”

“Mai tambaya ba ya samun tebur da kujera,” in ji Ƙamus. “Jarrabawa ce wannan, ke ba ki gane ba. So suke su ga ko zan ruga wurin waccan matar. Ki fara tunanin inda za ki jera kwanukanki a ɗaki biyu.”

“Ni tunanin inda za mu kwana nake, in aka kore mu daga guda ɗayan.”

Bai saurare ta ba. Ya fita bakin titi ya kira 'yan dako biyu, dogo da gajere, ya buɗe musu ɗakin baƙi. Ɗaki tsaf, an share an goge, an shimfiɗa zanin gado, ga sababbin labule a ninke a kan kujera, ga tagogi tsirara suna jira. Ƙamus ko kallon tagogin bai yi ba. Ya ce a kwashe komai a yi sama.

Gadon ya ƙi shiga kwanar matakala. Aka juya shi ta kai, aka juya ta ƙafa, aka kankare fenti, aka fasa ƙwan fitila. Gajeren ɗan dako ya maƙale tsakanin katifa da bango, sai muryarsa ake ji yana cewa a gaya wa iyalinsa ya yafe musu. Ƙamus yana tsaye a sama yana ba da umarni da Turanci, wanda ba mai ji, har da shi kansa. Da ƙyar aka kai. Labulen kuwa ya ɗaure su a igiya, daga ƙarfen eriya zuwa bututun tanki, suka tashi suna kaɗawa kamar filafilan jirgin ruwa.

Mai Shago ya fito ya sa hannu a goshi. “Ƙamus, shanya kake ko buɗe sabuwar ƙasa?”

“Umarni ne daga sama.”

“Na ga alama. Komai ma can ya koma.”

Da azahar tasi ta sauke Gwaggo. Ƙaramar tsohuwa ce, da tabarau mai kauri, da lema, da jaka ɗaya, tana jan ƙafar hagu. Ƙamus ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya karɓi jaka, ya wuce ƙofar ɗakin baƙi ya nufi matakala.

“Ɗan nan, ina za mu? Ba nan nake sauka ba?”

“An canza tsari, Gwaggo. Sama za ki.”

“Sama ta nawa?”

“Ta ƙarshe.”

Gwaggo ta ɗaga kai ta bi benen da kallo har inda labule ke kaɗawa. “Ni asibiti na zo, ba lahira ba.”

“Girmamawa ce, Gwaggo. A can ƙasarsu Madam, gwargwadon darajar baƙo gwargwadon tsawon inda za a kwantar da shi. Ƙananan mutane ne ke kwana a ƙasa.” Ya zaro takardar ya kaɗa mata a fuska. “Ga shi a rubuce. Har da kare aka ce a haɗa miki.”

Gwaggo ta gyara tabarau ta kalli takardar, duk da ko da idonta lafiya ba abin da za ta tsinta a ciki.

“Matar ɗana ce ta rubuta wannan da hannunta?”

“Da hannunta na dama.”

“Ni da na goye shi, na yi masa wanki, ni za a kai kan rufi da kare.” Ta gyaɗa kai a hankali, ta ja kujerar roba ta maigadi ta zauna daram. “To madalla. Ku ɗauke ni. Ina so ya dawo ya same ni daidai inda matarsa ta ajiye ni, kada a ce na ƙara gishiri.”

Ƙamus ya ɗauki wannan a matsayin yabo. 'Yan dako suka kama kujerar, ɗaya gaba ɗaya baya, aka fara hawa. Da yake ɗaya dogo ne ɗaya gajere, Gwaggo a karkace ta yi tafiyar, tana ƙwanƙwasa kan duk wanda ya yi tuntuɓe da lema. 'Yan haya suka buɗe ƙofofi suna kallo. Wata mata ta tambaya ko ba ta da lafiya ne.

“Lafiyata lau,” in ji Gwaggo. “Daraja ce ta yi mini yawa.”

Aka dire ta a bakin gado, a tsakiyar rana. Ta buɗe lema ta zauna, ta harɗe hannu.

Saura kare. Karen Madam ba irin na bola ba ne. Girmansa ya kai ɗan maraƙi, Janar ake ce masa, kuma yana ɗaure a bayan ɗakin baƙi inda yake wuni yana haushi. Shekara biyu Ƙamus na ba shi abinci, amma da doguwar sanda yake tura masa kwanon. 'Yan dako suka leƙa sau ɗaya suka ce su kaya suke ɗauka, ba ajali ba, suka kama gabansu.

Ƙamus ya tsaya ya yi tunani irin na masu ilimi. Ya samo tsokar nama ya ɗaura a igiya, ya ɗaura ɗaya bakin igiyar a ƙugunsa don hannuwansa su samu sakewa. Dabarar ita ce ya kwance sarƙar, ya yi gaba a hankali, nama na binsa, kare na bin nama, har sama.

Matarsa ta leƙo ta taga. “Malam, in ya cinye naman kafin ku kai fa, me zai bi?”

“Ke dai ba kya rasa baƙin baki.”

Ya kwance sarƙar. Janar ya haɗiye naman a taku na biyu, ya ɗago kai ya ga igiya na gudu, a ƙarshenta kuma ga mutumin nan mai sanda. Abin da ya biyo baya 'yan haya sun daɗe suna gardama a kansa. Wasu sun ce Ƙamus uku-uku yake tsallake matakala, wasu sun rantse ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, a hawa na ɗaya ya bar takalmi, a hawa na biyu ya bar hula, a bakin ƙofar rufi kuma ya bar bayan wandonsa a bakin Janar. Bai san lokacin da ya ɗare kan tankin ruwa ba.

Janar ya zagaya tankin sau biyu, sannan ya juya ya nufi gado. Gwaggo ta nuna shi da tsinin lema.

“Kai, tafi can ka kwanta. Kada ka kuskura ka taɓa mini kaya.”

Kare ya kalle ta, ya sunkuyar da kai, ya je ya miƙe a bakin ƙofar rufin, ya tare hanya. Ƙamus ya sauko da ƙafa ɗaya. Janar ya yi gurnani. Ƙamus ya mayar da ƙafarsa.

“Ka yi masa Turanci mana,” in ji Gwaggo. “Ai yaren gidansu ne.”

Ƙamus ya gwada duk abin da ya sani, har da barka da zuwa irin ta otal. Janar ya yi hamma.

Nan iska ta taso. Igiyar labule ta tsinke daga jikin eriya, labule ɗaya ya tashi kamar shaho, ya haye titi, ya sauka a kan wani mai keke da ya ɗauro kiret huɗu na ƙwai zai kai wa Mai Shago. Mai keke ya ga duniya ta koma shuɗiya mai furanni, ya yi ta maza ya ci gaba da tuƙi, ya shige cikin buhunan gawayin da ke gefen shago. Kafin ya fito daga cikin labulen, rabin layi ya hallara. Masu wucewa suka tsaya, masu waya suka ɗaga waya. Kowa ya ɗaga kai sai ya ga tsohuwa a kan gado da lema, da ƙato a kan tanki ya dafe bayansa da hannu biyu.

Mai Shago ya dubi ƙwansa a ƙasa, ya shiga ciki ya kira Injiniya, wanda wasu hidimomi suka riƙe a cikin gari, bai kai ga kama hanya ba. Sannan ya fito ya ɗaga murya.

“Ƙamus, darasin shekara ta biyun nan, ba yanzu ya kamata ka fara shi ba?”

“Ina kan aiki ne,” in ji Ƙamus daga sama. “Duk abin da kuke gani a rubuce yake. Jahilci ne ke sa ku dariya.”

Daidai nan Malama ta iso da kwandon cefane. Matar Ƙamus ta tare ta tana magana ƙasa-ƙasa. Malama ta ajiye kwando, ta sa tabarau, ta ce a jefo mata takardar. Ƙamus ya so ya ƙi, amma jama'a suka sa baki, ya dunƙule ta ya jefo yana cewa, “Karanta musu, su san ba da ka na yi ba.”

Malama ta karanta a zuci. Ta cire tabarau ta goge ido, ta mayar. Shekara talatin tana koyarwa, ba ta taɓa samun aji mai cika irin wannan ba, don haka ta hau dakalin shago.

“Kalmar nan put up,” ta ce, “ba fuska ɗaya gare ta ba. Abin da ke kusa da ita shi ke nuna inda ta dosa. In labule ne ko allo ko hoto, to rataya shi ake nufi, a inda ya dace. Wato a rataya labule a tagogin ɗakin baƙi.”

“Na rataya,” in ji Ƙamus. “Wuri ne kawai muka saɓa.”

Mai keke, da gwaiduwa a gemu, ya ce shi shaida ne.

“Na biyu,” in ji Malama. “In mutum ne aka ce a yi masa put up, to masauki za a ba shi. Cewa aka yi ka sauki Gwaggo kwana biyu.”

“In sauke ta?” Ƙamus ya miƙe tsaye a kan tanki, ya tuna da wandonsa, ya koma ya zauna. “Malama, ki ji tsoron Allah. Up fa aka ce. Yaushe sama ta zama ƙasa?”

“Bature ɗora baƙo yake, Bahaushe ya sauke shi, kuma duk ɗaki ɗaya suke nufi.”

Layi ya kwashe da dariya. Gwaggo ta matso bakin rufi tana jan ƙafa. “Baiwar Allah, karen fa? Shi ma saukarsa aka ce a yi a kaina?”

“A'a, Gwaggo. In aka ƙara with a gaba, maganar ta koma haƙuri. Cewa ta yi ki yi haƙuri da haushin karen, don yana kusa da tagarki. Ban-haƙuri ne take ba ki.”

Gwaggo ta juya a hankali ta dubi tanki. Ƙamus ya ga kallon, ya gwammace na Janar.

Ba a jima ba motar Injiniya ta shigo layin. Madam ce ta fara fita, ta haye matakala da gudu, Injiniya na biye, Malama da Mai Shago da duk wanda matakala ta ɗauka suna bayansu. Madam ta yi fito sau ɗaya, Janar ya taso yana kaɗa wutsiya kamar bai taɓa cin wandon kowa ba. Ta ga gado, ta ga ragowar labule, ta ga Gwaggo a rana. Ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar tana ta jera “sannu, sannu, sannu,” har idonta ya kawo ruwa. Gwaggo ta dafa kanta ta ce, “Tashi, 'yata. Na zage ki a zuci tun azahar, na janye.”

Madam ta miƙe ta nuna tanki, ta ce wa mijinta, “I can't put up with this man any more.”

Ƙamus ya ji kalmarsa ta fito, ya ga dama ta ƙarshe. “Kun ji ko? Ta ce ba za a ƙara barina a sama ba. A kawo tsani.”

“Cewa ta yi haƙurinta da kai ya ƙare,” in ji Malama. “Ma'ana ta uku ce, yanzun nan muka yi ta.”

Matar Ƙamus, da ke tsaye a bakin ƙofa da takalminsa da hularsa a hannu, ta sunkuyar da kai. Injiniya ya buɗe baki zai yanke hukunci, Gwaggo ta buga lema a ƙasa.

“Ba mai korar kowa. Yana da mata da 'ya'ya, kuma matar tana da hankali, ina nan sama na jiyo maganarta. Ka bar shi a bakin ƙofarsa, takarda dai ko ta ƙunshin gyaɗa ce kada a ƙara ba shi. Ni hukuncina ɗaya ne. Yadda ya hau da kayan nan haka zai sauko da su, shi kaɗai. Ni ce kayan farko.”

Injiniya ya ce yadda Gwaggo ta ce haka za a yi. Tebur da kujera kuwa a nan take ya roƙi Malama ta riƙe, ta ce za ta duba.

Matar Ƙamus ta miƙa masa ragowar labule ya ɗaura a ƙugu. Aka zaunar da Gwaggo a kujerar roba, Injiniya ya ce shi zai kama ta sama don kada a kayar masa da uwa, Ƙamus ya shiga ta ƙasa inda duk nauyin yake. Suka fara sauka, taku ɗaya lema ɗaya a ƙoƙon kai. Jama'a suka dare a matakala suna ba su hanya.

A kwanar hawa na ɗaya Mai Shago ya jingina da bango ya ce, “Sannu da aiki, Ƙamus. Yau dai an ga ƙarshen Turanci.”

Ƙamus ya tsaya, gumi na zuba, labule mai furanni na neman zamewa. Ya ɗago kai daga ƙarƙashin kujera.

“Kai ka faɗi gaskiya. Da Turanci aka ce in ɗora ta, na ɗora. Da Hausa aka ce in sauke ta, ga shi ina saukewa. Duk layin nan wa ya taɓa yin aiki ɗaya da harshe biyu?”

“Tafi, ɗan nan,” in ji Gwaggo, ta ƙara masa lema. “Gado na jiranka.”